Karon farko a jirgin ruwan yawo na Bahar Rum: mu bi motar kamfani ko mu fita da ƙafarmu?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah shawara nake nema, kaina ya ɗau zafi. Maigida ya biya mana kuɗin jirgin ruwan nan na yawo, kwana bakwai a Bahar Rum, cikin watan Mayu in Allah ya kai mu. Mu uku ne, ni da shi da Hajiyarsa. Ni ko kwalekwale ban taɓa shiga ba. Za mu hau a Basalona ran Juma'a, Asabar a ruwa za mu yini, Lahadi Tunis, Litinin Palermo, Talata wani gari mai sunan da ya gagari harshena wanda aka ce shi ne tashar birnin Rum, Laraba Jenowa, Alhamis Marsey, Juma'a mu dawo Basalona. To kamfanin ya turo jerin yawon da yake shiryawa a kowane gari, na Rum kaɗai ya haura Yuro 100 kan kowane mutum. Da na lissafa mu uku a gari biyar na juya shi zuwa naira sai da na ajiye wayar. Shin dole ne a bi nasu? Kuma Hajiya ta kusa saba'in, gwiwa na damunta.

Alhaji Na-Fagge: Wa alaikumus salam. Allah ya sa alheri, ya kai ku lafiya. Sau biyu na yi irin wannan tafiya. Ba dole ba ne, babu mai hana ki sauka ki kama gabanki. Amma ki riƙe wannan: in motar kamfani ta makara, jirgi zai jira ta. In ke kika makara da kanki, ko minti goma ne, sai dai ki hango bayansa. Kuɗin da kike gani da yawa ba na motar ba ne, na wannan jiran ne. Ni dai da tsohuwa a hannu ba zan yi ganganci ba.

Anti Talatu ta Italiya: Alhaji ka fara da tsoratarwa! Maman Ilham, ƙanwata, sunan garin Cibitabekiya, ki karanta shi yadda na rubuta, haka su ma suke faɗa. Tsakaninsa da Rum wajen kilomita 80 ne. Akwai jirgin ƙasa da ke tashi kusan kowane rabin awa, kuɗinsa bai kai Yuro 10 ba, awa ɗaya da 'yan mintoci kina cikin gari. Yana tsayawa a tashar San Pietro, wadda daga ita zuwa dandalin fadar Paparoma tafiyar ƙafa ce ta kamar minti goma sha biyar, sannan ya wuce babbar tashar Termini. Ku uku za ku je ku dawo da abin da bai kai kuɗin mutum ɗaya a motar kamfani ba. Shekarata goma sha huɗu a ƙasar nan, na san abin da nake faɗa.

Alhaji Na-Fagge: Ai shi ya sa, Hajiya Talatu. Ke kina jin yarensu, kin san in an sanar da canjin layin jirgi a lasifika. Ita fa?

Injiniya: Kafin ku yi nisa da maganar mota, ku tsaya. Maman Ilham, kun karɓi biza? Domin na ga Tunis a tsakiyar jerin nan.

Maman Ilham: Ba mu kai takardu ba tukuna, wata mai kamawa. Shengen ce ai, bizar haɗin gwiwar ƙasashen Turai, aka ce guda ɗaya ta isa Sifaniya da Italiya da Faransa.

Injiniya: Ta isa ƙasashen nan uku, amma Tunisiya ba ta cikin Shengen. Ranar da jirgi ya tsaya a can kun fita ke nan, washegari a Palermo sabuwar shiga ce. In aka buga muku mai shiga ɗaya tak, tun a Basalona za a iya hana ku hawa, kuma kuɗin jirgi ba zai dawo ba. Ku nemi mai shiga da yawa, ku haɗa takardar kamfanin da ke nuna duk tashoshin, ku ja layi ƙarƙashin Tunis. Kuɗinta Yuro 90 ne tun 2024, ban da na ofishin karɓar takardu, sai inshorar lafiya da ta kai ta Yuro 30,000. Ana iya nema tun saura wata shida, don haka kar ku jira wata mai kamawa in akwai gurbi yanzu. Sannan ofishin da za ku je shi ne na ƙasar da za ku fi daɗewa. Ku ƙirga: Italiya tasha uku ce. In za ku kwana biyu a Basalona kafin hawa da ɗaya bayan sauka, Sifaniya ta rinjaya.

Abu na biyu, fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Tunisiya. Ku rubuta wa kamfanin ku tambaya yadda suke yi da masu koren fasfo a wannan tasha, su amsa a rubuce, ku buga amsar a takarda ku sa a jaka. Ba maganar baka ta wakilin da ya sayar muku da tikiti ba.

Maman Ilham: Innalillahi. Wallahi ko a mafarki ban kawo wannan ba. Allah ya saka da alheri Injiniya, yanzu zan tura wa maigida.

Ɗan Damagaram: Mu da fasfon Nijar ba mu da wannan matsala da Tunisiya, hakanan muke shiga. Ku yi haƙuri manyan yayye, wani lokaci ƙarami ma yana da ranarsa.

Uwar Biyu: Kai Ɗan Damagaram, ana maganar arziki kana tsokana.

Malam Mai Allo: Salamu alaikum. Na jima ina karantawa. Tunda Allah ya nufa za ku taka Tunisiya, ni da ni ne ba abin da zai hana ni zuwa Ƙairawan. Garin da Uƙba ɗan Nafi'u ya kafa a shekarar 670, garin Imamu Sahnun, garin Ibn Abi Zaid mai Risalar da duk wanda ya zauna gaban malami a ƙasar nan ya biya ta. A ce mutum ya zo bakin ƙofa ya koma bai gaisa ba? Baban Ilham ya samu direba tun daga tasha, su je su yi azahar a babban masallacin su dawo.

Maman Ilham: Malam kamar ka shiga zuciyarsa. Tun da ya ga sunan Tunis yake wannan maganar, har ya samo wani mai tasi a intanet.

Injiniya: Allah gafarta Malam, mu yi lissafi. Maman Ilham, ƙarfe nawa takardarku ta ce?

Maman Ilham: Isowa takwas na safe, tashi biyar na yamma.

Injiniya: Yawwa. Tashi biyar yana nufin kowa ya kasance a ciki huɗu da rabi, haka dokar take, rabin awa kafin tashi ake janye tsani. Isowa takwas kuma ba ya nufin takwas kuna ƙasa, mutum dubu uku ko huɗu ne za su bi ta ƙofa biyu, kuma 'yan motar kamfani ake fara fitarwa. Ku ce tara. Tashar tana Halƙul Wadi, wadda Faransawa ke kira La Gulet, daga can zuwa Ƙairawan kilomita 160 ne ko kusa da haka, awa biyu da wani abu in hanya ta yi kyau. Zuwa da dawowa awa huɗu da rabi sun tafi. Saura uku, a cire ɗaya na ko-ta-kwana.

Ga kuma inda ake faɗawa rami. Tunisiya agogonta ɗaya da namu na Najeriya da Nijar duk shekara. Sifaniya da Italiya kuwa a watan Mayu suna gaba da awa ɗaya. Wani kyaftin yana mayar da agogon jirgi ya dace da na gari, wani yana barinsa a na Turai. In ya bari, huɗu da rabi ta jirgi ita ce uku da rabi a wayar direbanku, kuma wayarku ma da kanta za ta koma agogon gari da zarar ta kama sabis. Kuna zaune kuna shan shayi kuna ganin da saura, alhali an janye tsani.

Malam Mai Allo: To ai har yanzu akwai awa guda ko biyu a lissafinka. Ziyarar masallacin ba ta fi haka ba.

Alhaji Na-Fagge: Malam, taya ɗaya ce za ta fashe. Kuma ka tuna inda za a bar su: ba cikin Turai ba, inda mutum zai hau jirgin ƙasa ya tari jirgin a gaba. Za su kwana a Tunis da kayan jikinsu, maganin Hajiya yana ɗaki a jirgi, su nemi jirgin sama zuwa Sisili, tsibirin da Palermo take, da kuɗin aljihunsu. Wannan ziyara ta cancanci tafiyarta daban, a je a kwana biyu a nutse.

Malam Mai Allo: Na ji, ban dai gamsu gaba ɗaya ba. Amma maganar maganin tsohuwa ta kama ni.

Ɗan Damagaram: Malam kar ka ji komai, cikin Tunis ɗin ma akwai abin da zai wanke zuciya. Masallacin Zaituna yana tsakiyar tsohon gari, bai fi minti ashirin ko talatin daga tasha ba a tasi. Nan Ibn Khaldun ya yi karatu, a garin aka haife shi a 1332. Sai dai Lahadi ce ranar hutunsu, shaguna da yawa na cikin kasuwa za ku tarar a rufe, wanda ga mai tsohuwa ma sauƙi ne, babu turereniya. Kufan Kartaj, birnin da Rumawa suka rushe shekara 146 kafin haihuwar Annabi Isa, yana kusa da tasha sosai. Gaba kaɗan Sidi Bu Sa'id, garin nan mai farin bango da shuɗayen ƙofofi. Amma shi kan tudu yake, Hajiya ta zauna a gindin hawan ta sha shayin na'ana'a ku ku hau. Kuma kar ku canji dinari da yawa, doka ta hana fita da shi daga ƙasar. Ku yi ciniki da mai tasi kafin ku shiga, ku ce masa kuɗin na zuwa da dawowa ne, a biya a ƙarshe.

Anti Talatu ta Italiya: Malam, bari in ƙara maka haƙuri da Palermo. Ka san wanda ya jagoranci rundunar Musulmi da ta shiga Sisili?

Malam Mai Allo: Asadu ɗan Furat, alƙalin Ƙairawan, ɗalibin Imamu Malik. A 827. A can ya rasu shekara guda bayan haka. Kin ga ashe Ƙairawan ɗin ce ke bin su a baya.

Anti Talatu ta Italiya: To madalla. Palermo ta shiga hannun Musulmi a 831, ta zauna har 1072 da Turawan Normawa suka karɓe ta. Maman Ilham, wannan gari kar ki ba kowa ko sisi. Jirgi a bakin gari yake tsayawa, kina fita ƙofar tasha kin shiga titi. Ku ɗauki tasi zuwa fadar sarakunan Normawa saboda Hajiya, ku shiga ɗan cocin da ke ciki ku ɗaga kai ku kalli rufin: sassaƙar katako ce irin ta masallatai, masu sana'a Musulmi suka yi wa Sarki Roja na Biyu, wanda al-Idrisi ya zana wa taswirar duniya a 1154. Daga nan ku gangaro babban cocin garin, wanda a da masallaci ne a wurin. A barandar shiga, ginshiƙin farko ta hagu, akwai ayar Alƙur'ani a sassaƙe jikin dutsen, aya ta 54 cikin A'arafi. Ranar da na fara kai yayana wurin ya daɗe tsaye yana bin rubutun da yatsa, Turawa na wucewa ta bayansa ba su san me yake kallo ba. 'Yan motar kamfani ma wucewa suke, mai jagora ya ɗaga 'yar tutarsa ya yi gaba. Shi ya sa nake cewa ku fita da kanku.

Kasuwar Ballaro tana nan kusa, za ki ji Turancin Buroka da yaren Gana kamar kina Sabon Gari. Amma ki kula da abin da za ki sa a baki. Kalma biyu za ki haddace: maiale shi ne alade, strutto kitsensa. Wannan zaƙin nasu mai kama da bututu da ake cusa wa cuku, kannoli, da kitsen alade ake kwaɓa ɓawonsa a gargajiyance, har da ɗan giya. Burodi da saifa da ake sayarwa a bakin titi ma a cikinsa ake soyawa. Na ci kannoli shekara biyu kafin wata maƙwabciyata 'yar Maroko ta gaya min, ranar ko abincin dare ban iya ci ba.

Uwar Biyu: Subhanallahi, ni ma na ci shi a jirgi! Astagfirullah.

Malam Mai Allo: Wanda bai sani ba babu laifi a kansa. Yanzu dai kin sani.

Uwar Biyu: To tunda na fito bari in ba da nawa labarin, don Anti Talatu ta sa abin ya yi sauƙi da yawa. Bara ni da maigida da tagwayena muka bi shawarar irin ta Anti, muka hau jirgin ƙasa zuwa Rum. Zuwa lafiya lau. Muka ce mu ga komai: fadar Paparoma, Kolosiyam tsohon filin wasan Rumawa, maɓuɓɓugar nan ta Trebi da ake jefa kwabo, har da babban masallacin Rum da aka buɗe a 1995, wanda yake can arewacin gari. Babu wanda muka gani da kyau a ciki, hoto kawai muke ɗauka muna gudu. Ƙarfe huɗu muka iso Termini, ashe layin jirgin Cibitabekiya yana can ƙuryar tashar, tafiyar kusan minti goma daga bakin ƙofa. Muna isa yana tashi. Na gaba ya yi lattin minti ashirin da biyar, ya kuma tsaya a wani ƙauye ba dalili. Ina kallon agogo ina karanta duk addu'ar da na sani, Hassan yana ce min fitsari yake ji.

Da muka sauka babu tasi ko ɗaya. Maigida ya saɓa Husaini a wuya, ni na cire takalmi na riƙe a hannu, mayafi na jan ƙasa. Motar cikin tasha ta ƙarshe muka samu. Muna isowa gindin jirgi ma'aikata biyu na tsaye riƙe da igiyar tsani, an riga an kira sunanmu a lasifika sau biyu. Mutane cike da barandar ɗakunansu suna tafi suna ihu suna ɗaukar mu a waya. Na tabbata ina cikin wayar wani Bature har yau, ba takalmi. Saura minti huɗu.

Alhaji Na-Fagge: Hajiya Talatu, kin ji ko?

Anti Talatu ta Italiya: Na ji, Alhaji, amma ka saurari abin da ta faɗa. Ba jirgin ƙasa ne ya cuce ta ba, haɗama ce, yi haƙuri Uwar Biyu. Wuri huɗu a yini ɗaya a Rum! Mu da ke zaune a nan ba ma yin haka. Wanda jirginsa zai tashi bakwai ya kamata ƙarfe uku ta same shi a kan hanyar komawa, ya bar jirage biyu a bayansa na ko-ta-kwana. Kuma a duba ko an sanar da yajin aiki a ranar, don a nan ana sanarwa tun da wuri, ba a ɓoye ake yi ba.

Uwar Biyu: Na karɓi laifina. Amma a ce Hajiya mai ciwon gwiwa ce a wannan gudun fa?

Anti Talatu ta Italiya: Wannan kam gaskiya ne. Titunan Rum da ƙananan baƙaƙen duwatsu aka shimfiɗa su, mai lafiya ma yana jin su a idon sawu. To ga tsakiya: yawancin kamfanonin suna da mota mai rahusa wadda kai ku kawai za ta yi ta ajiye a tsakiyar gari, ta ba ku awa biyar ko shida, ta dawo da ku. Babu mai jagora, babu bin tuta, amma tasu ce, jirgi zai jira ta. Ki duba jerin da suka turo, za ki gan ta can ƙasa, ba sa son tallata ta.

Maman Ilham: Na gan ta! Kusan rabin kuɗin waccan ce. To a awa shida ɗin me za mu gani?

Anti Talatu ta Italiya: Abu ɗaya babba, sai abinci, sai zama. In Kolosiyam ne, wanda aka gama a shekara ta 80 kuma yake ɗaukar mutum wajen 50,000, ki sayi tikiti a shafinsu na hukuma tun kina Kano. Da suna da lokaci ake sayarwa, za a nemi shaida a ƙofa, don haka sunan ya zama yadda yake a fasfo. Akwai lif a ciki, Hajiya ba sai ta hau matakala ba. Gidan tarihin fadar Paparoma kuwa ki manta da shi a wannan zuwan, tafiya ce mai tsawo cikin cunkoso babu wurin zama. Ki riƙe gorar ruwa, akwai famfunan titi ko'ina da ruwa mai sanyi kyauta, kuma ita ce butarki, don babu buta a bayinsu. Ki tanadi tsabar Yuro ɗaya-ɗaya, bayin tasha da kuɗi ake shiga.

Malam Mai Allo: Tunda an zo maganar buta, sallarku ƙasaru ce duk tsawon tafiyar. Amma haɗa salla biyu a mazhabarmu rangwamen tafiyar tudu ne, malamai sun ce ban da ta ruwa.

Injiniya: To ranar da suka sauka suna yawo a gari fa, Malam, matafiyan tudu ne ko na ruwa?

Shugaban Zaure: Injiniya, Malam, don Allah a kai wannan zauren fiƙihu. Ranar nan haka aka fara har aka kwana uku. Maman Ilham ta tambayi malaminsu. A dawo kan Marsey da Jenowa.

Ɗan Damagaram: Marsey gidana ne, shekara uku na yi karatu can. Manyan jirage nesa suke tsayawa, wajen kilomita 8 daga tsohuwar tasha da ke tsakiyar gari, kuma cikin yankin dakon kaya ne, ba wurin tafiyar ƙafa ba. Motar kamfani kan kowane kai take caji, ku uku ku kwatanta da tasi, sau da yawa tasi ta fi arha. Cocin nan da ke kan dutse, Notre-Dame de la Garde, daga can ake ganin gari duka da teku, amma kar ku gwada hawa da ƙafa. Bas mai lamba 60 tana kaiwa har sama, akwai kuma ɗan jirgin yawo mai taya da ke tashi daga bakin ruwa. In kun sauko ku shiga unguwar Noway ku ci abinci, mahautan halal ne jere, 'yan Aljeriya da Komoros da Senegal, kuskus da gasasshen rago. Nan ne za ki sayi sabulun Marsey na tsaraba. Abu guda: akwai wata iska mai ƙarfi da suke kira mistral, in ta taso kyaftin na iya fasa shiga tashar gaba ɗaya. Kada ku biya wani na waje kuɗin da ba ya dawowa saboda Marsey.

Alhaji Na-Fagge: Ka ga wani amfanin na kamfani ke nan, in an fasa tasha kuɗinka na dawowa.

Anti Talatu ta Italiya: Alhaji ko dai suna ba ka kamasho ne?

Alhaji Na-Fagge: Da suna bayarwa da na karɓa, Hajiya, ɗan kasuwa ne ni. Jenowa dai na yarda da ke, ko ni ban biya ba. Ana sauka a taka zuwa gidan kifayen nan da aka buɗe a 1992, a zauna a bakin ruwa, a koma. Ranar ma tana bayan Rum ce, ƙafa ta riga ta mutu. Ni a zuwana na biyu ko sauka ban yi ba. Kowa ya fita, jirgi ya zama nawa, na ci abinci babu layi na yi barcin da ban yi ba tun Kano. Ki bar Hajiya ta huta ranar, an riga an biya kuɗin abincin.

Injiniya: Ƙarin abu biyu. Kowane dare za a sa muku takardar shirin gobe a ɗaki, a jikinta akwai lokacin komawa da lambar wakilin jirgi na wannan tasha. Ki ɗauki hotonta kafin ki sauka, in wani abu ya faru shi za ki kira. Lambar gaggawa a duk Turai 112. Sannan da zarar jirgi ya bar gaɓa ki sa waya a yanayin jirgin sama. In ba haka ba za ta kama sabis ɗin tauraron ɗan'adam na jirgin. Ni a dare ɗaya ina barci WhatsApp ya sauke hotunan bikin wani ɗan uwa, na farka kuɗin da na loda na tafiyar gaba ɗaya babu ko kwabo.

Uwar Biyu: Basalona kuma ku isa kwana biyu kafin ranar hawa, kar ku yarda ku sauka a ranar. In jirgin sama ya yi latti ko akwati ta ɓata a hanya, na ruwa ba ruwansa. A kwana biyun nan ne za ku ga cocin Sagrada Familiya, wanda tun 1882 ake gininsa. Shi ma tikitinsa ta intanet ne kuma yana ƙarewa tun da kwanaki. A titin Rambla jaka ta koma gaba, ƙarƙashin hijabi. 'Yan sanen can ba sa kama da ɓarayi, wata tsaf-tsaf da ita za ta zo tana tambayarki hanya da taswira a hannu, taswirar ce ke rufe hannun ɗayan.

Maman Ilham: Jama'a Allah ya biya ku, ya bar zumunci. Mun zauna da maigida daren jiya da takarda da biro. Tunis za mu bi motar kamfani ta Kartaj da tsohon gari saboda maganar biza da agogo, mun kuma rubuta musu muna jiran amsa. Rum ƙaramar motar nan da Kolosiyam kawai. Palermo da Marsey da ƙafarmu da tasi. Jenowa Hajiya ta ce ita da gadonta. Kuɗin ya sauko ƙasa da rabi. Ƙairawan kuwa har yanzu yana cewa "a dai duba," Malam kai ka jawo min.

Malam Mai Allo: Ki ce masa in ya shirya ta daban ina cikin ayari, ni zan riƙe jakar.

Maman Ilham: Zan faɗa masa. Tambaya ta ƙarshe, Hajiya ta sa an yi mata odar kilishi tun yanzu, da man shanu kwalba biyu, da yaji da dabino, wai ba za ta kwana bakwai tana cin abincin da ba ta san hannun da ya dafa ba. A jakar hannu za mu sa ko a akwati?

Anti Talatu ta Italiya: Wayyo ƙanwata. Ko ɗaya. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da duk abin da aka yi da madara daga waje, busasshe ko ɗanye. Kilishi da man shanu a filin jirgin Basalona za su ƙare cikin kwandon kwastan, wani lokaci har da tara. Dabino an yarda da shi. Yaji na sha shigowa da shi a kwalba mai murfi babu wanda ya ce min kanzil. A jirgin kuma ki rubuta musu tun yanzu cewa ba kwa cin alade, kifi da shinkafa da taliya ba sa yankewa.

Ɗan Damagaram: A turo kilishin nan Damagaram mu duba ko ya kai namu.

Maman Ilham: Kai dai bari. Kilishin dubu arba'in fa, har an biya. Yanzu wa zai je ya gaya wa Hajiya? Ni dai ba ni ba, ɗanta na nan.